Karen da Na Turke Kamar Ragon Layya

Wudil, Laraba da hantsi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Autana Habibu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya kai ka gonar kajin da za ka kama aiki lafiya, Ya tsare ka a hanya, Ya tsare ka bayan ka sauka. Babarka tana gaishe ka, ko da yake yanzu haka da nake rubutun nan ina jiyo ku a tsakar gida, kana ɗaure katifa, kuna gardama a kan ko a kwalba za a zuba maka yaji ko a leda. Ka ga abin mamaki, mutum yana gida ana rubuta masa wasiƙa. To akwai maganar da bakina ya kasa, sai alƙalami. Zan cusa ta cikin sallayarka a jaka, na san nan dai dole ka buɗe. Ka karanta kafin Asabar. Don Allah kafin Asabar.

Shekaranjiya ka miƙo mini waya ka nuna mini hotunan 'yan kwikwiyo uku. Ka ce mai gonar ya ce tunda kai za ka zauna can bayan gari da kajin, kai za ka zaɓi karen da zai taya ka tsaro, ranar Asabar za ku shiga Kano da direba ku ɗauko. Ka ɗora yatsa a kan na tsakiya, mai ƙaton tumbin nan, ka ce, "Baba, dubi wannan, sak Barde." Sai na ce maka bari in yi alwala. Ƙarfe goma na safe, wace alwala? Guduwa na yi. Idan ka ɗauko mai tumbin nan saboda ya yi kama da karenmu Barde, to ni na jawo, domin ban taɓa gaya maka yadda Barde ya ƙare ba. Yau zan faɗa, amma ka bar ni in faro daga tushe, ka san ba na iya labari daga tsakiya.

Ka san sana'ata. Tun kafin a haifi babban yayanku nake turka. In sayo rago ramamme, in ɗaure shi a turke cikin inuwa, in yi ta ɗura masa dusa da harawa da ɗan ruwan kanwa, kafin Babbar Salla ya zama abin da in na shiga Kara da shi ranar Juma'a dillalai sai sun taso daga kan benci. Hannuna ya fi idona sanin dabba. In na dafa gadon bayan rago na ji ƙashi, na san mai shi ko mugu ne ko babu ce ta kama shi. In na dafa hannuna ya nutse, na san na mutumin kirki ne. Da wannan ilimi na ci abinci, na aurar da yayyenka, na kai ka makaranta. Ban taɓa zaton akwai dabbar da ilimin nan zai cutar ba. Kai, har yau da nake gaya maka ban gama yarda ba.

Shekarar da ka shiga makarantar kwana, saura sati biyu Salla, na je garkenmu na gonar hanyar Dagumawa da safe, na tarar da turaku huɗu da igiyoyinsu, babu raguna. Ko yanka igiyar ba su yi ba, kwancewa suka yi a tsanake kamar masu aro. Abokina Alhaji Ɗanlami, dillalin nan na Kara da ka sani, shi ya ce in nemi kare. Ya ce ba irin namu na farauta ba, akwai wani na Turawa wai shi Dobaman, baƙi mai jan gira, ɓarawo ko inuwarsa ya hango sai ya tuba. Na je na tambayi liman. Ya ce kare don tsaron gona da dabbobi babu laifi, ya dai zauna can, kaskonsa daban. Ya ƙara da cewa duk abin da mutum ya tsare, haƙƙin cinsa da shansa yana wuyansa. Wannan ta ƙarshen ita na riƙe. Ina jin na riƙe ta fiye da yadda ya nufa.

Muka shiga Kano ni da Ɗanlami, wani gida can cikin lungu, wurin wani mai kiwon karnuka. Ya fito mana da kwali, 'yan kwikwiyo biyar a ciki. Huɗu suna ta tsalle suna cizon kunnen juna. Na biyar yana kwance a kusurwa shi kaɗai, cikinsa ya yi tim. Na sa hannu na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ina jinjinawa, yadda nake jinjina ɗan tunkiya. Na kwancen nan ya fi su nauyi.

Na ce, "Wannan."

Mutumin ya ce, "Baba, ka iya zaɓe. Wannan jinin ƙattai ne, in ya girma sai ya kai maraƙi."

Ɗanlami ya ce, "Wa kake gaya wa? Wannan tsohon da kake gani, ko sauro ya turke sai ya yi tozo."

Muka yi dariya gaba ɗaya. Ban ce ina uwarsu ba, ban ce ina ubansu ba, ban tambayi kwanansu nawa a duniya ba. Ni da ko ɗan akuya ba na saya sai na buɗe bakinsa, wannan ban buɗe ba, wai ina ƙyamar yawu.

To Auta, kai kada ka yi haka. Ka ce a nuna maka uwar. Ka tsaya ka ga yadda take karɓar baƙo, mai natsuwa ce ko mai firgici, domin abin da ka gani a jikinta shi za ka kai gona. Ka tambayi uban, da kakanni in an san su, shekara nawa suka yi kuma me ya kashe su, don daga baya aka gaya mini jinsin nan suna gadon ciwon zuciya. Kada ka karɓi wanda bai cika sati takwas ba. Katin allurarsa a ba ka a hannu, ba a baki ba. Ka ɗaga leɓensa ka duba dasashi, ya zama ja-ja mai danshi, ba fari fat ba, in ka gama ka wanke hannunka, ruwa bai ƙare a duniya ba. Ido kada ya zama da kwantsa. Wanda kuwa ya ce maka nasa jinin ƙattai ne, ka yi masa sallama cikin mutunci ka fito. Jinsin nan yana da iyakar girmansa. Wanda ya wuce iyakar, ko an gauraya shi ko an cuce shi.

Kwana uku da zuwansa gona, nauyin da na zaɓa ya fara fita. Ba zan ɓata maka takarda da bayani ba, tsutsa ce. Na karɓo magani a bakin kasuwa na ba shi, cikin ya sace tas, sai ga kwikwiyo kamar tsumma. Na zauna a kan dutse ina kallonsa yana kallona. Abin da ya kamata in koya a ranar shi ne, kwikwiyon da ya kwanta shi kaɗai 'yan'uwansa na wasa ba haƙuri gare shi ba, ciwo ne, kuma kumburin ciki daban, ƙiba daban. Abin da na koya kuwa wani ne. Cewa na yi wallahi sai na mayar masa da abin da ya zubar, har da ƙari.

Na kafa masa turken ƙirya a gindin mangwaron nan, na sa masa sarƙa, domin a sanina dabbar da ke yawo ba ta ajiye nama. Da safe ƙanzo da romo. Da rana kitse da tumbi daga wurin mahauta. Da yamma tuwo, in kwarara masa man gyaɗa a kai. Babarka ta kawo mini abinci gona wata rana ta tsaya tana kallo.

Ta ce, "Malam, wai shi ma yanka shi za a yi da Salla?"

Na ce mata ba ta san kiwo ba.

Ta ce, "Ban sani ba kam. Amma ni ban taɓa ganin mai gadin da ake kai wa abinci yana kwance ba."

Akwai kuma maganar kunne, wadda har gobe ban gane kanta ba. Ɗanlami ya nuna mini hoton irin karen a jikin wata kalanda, kunnuwa a tsaye kamar tsinin mashi. Nawa kuwa sun zubo kamar na tunkiyar Uda. Wata shida ina jiran su miƙe. Har abinci na ƙara masa, wai ko ƙarfi ne bai kai can ba. Ashe yanke su ake yi tun suna ƙanana, a naɗe da filasta har su tsaya. A yanke wa mai gadi kunne don ya yi kyau a hoto. To ni dai ban gane ba. Kada ka bari a taɓa na naka, da su ya zo, kuma yana ji da su sarai.

Kai ka dawo hutu ka same shi, kai ka raɗa masa Barde. Kana tuna yadda kake zama kusa da shi da littafinka, yana kwance ko motsi ba ya yi, kana cewa duk garin nan babu kare mai ladabinsa? Ba ladabi ba ne, Auta. Tashi ke masa wuya.

Yana da shekara ɗaya da rabi wata likitar dabbobi ta zo yi wa raguna allura. 'Yar nan garin ce, sa'ar yayarka Binta, a gabana ta girma. Ɗanlami yana nan, ya zo ganin ragunan. Ta gama aikinta ta juyo, sai ta yi turus.

"Baba, wannan mene ne?"

Na gyara tsayuwa. "Dobaman ne, Likita."

Ta ce, "A da dai."

Ta sa na ɗauko sikelin nan na rataye da nake auna masara. Muka kwantar da shi cikin buhu, muka rataya a reshen mangwaro, ni da Ɗanlami muna nishi. Allurar sikeli ta tsaya a kilo hamsin da bakwai. Na dubi Ɗanlami, ya ɗaga mini gira. Wallahi na zaci yabo ke tafe.

Ta ce, "Baba, cikakken namiji a jinsin nan kilo arba'in ne zuwa arba'in da biyar. Mace talatin da biyu zuwa talatin da biyar. Tsayin namiji daga ƙasa zuwa kafaɗa wajen santimita saba'in, mace ta ɗan gaza haka. Naka bai fi sauran tsayi ba, faɗi kawai ya yi. Kamar ka ɗaura masa jarkar ruwa a baya ne, ka hana shi saukewa ko da barci zai yi. Ɗora hannunka a haƙarƙarinsa. Kana jin ƙashi?"

Na ce, "Allah Ya kiyaye."

"To ya kamata ka ji. Shafa bayan hannunka, Baba. Ka ji ƙasusuwan suna nan a ƙarƙashin fata, ana jin su amma ba su fito waje ba? Haka haƙarƙarinsa zai kasance. In ka tsaya a kansa ka leƙo, ka ga ƙugu ya shige. In ka dube shi ta gefe, ƙirji ya sauko, ciki ya ɗage."

Na ce, "Likita, duk abin nan da kika lissafa ai siffar yunwa ce."

Ta ce, "A jikin rago. Rago don rana ɗaya kake kiwonsa. Wannan kuwa so kake ya yi maka gudu shekara goma."

Ɗanlami ya ce, "Ni dai a Kara in aka kawo mini dabba mai ƙugu, ko tashi ba na yi."

Ta ce, "Shi ya sa ba a kai karnuka Kara, Alhaji."

Ta ce in kwance shi, in riƙa zagayawa da shi safe da yamma. Abinci sau biyu, a auna da kwano ɗaya kullum. Nama ban da kitse. Ban da ragowar miya mai albasa, ban da dafaffen ƙashi. Kuma kada in sa shi gudu yana gama cin abinci, wai masu zurfin ƙirji irinsa cikinsu kan murɗe. Ka rubuta waɗannan a bangon ɗakinka, nata ne, ba nawa ba.

Na bi maganarta wata uku. Ranar farko da na cire sarƙar, ya taka har bakin da'irar da ta share a ƙasa, ya tsaya cak, ya ƙi tsallakawa. Sai da na tsuguna a waje ina kiransa kamar mai lallashin amarya. A hankali muka riƙa kaiwa bakin kogi. Ya fara sassarfa. Ya fara korar belbela. Wata safiya ya hango wani mutum can nesa a kan iyakar gona, ya saki wani haushi da ban taɓa ji ba, ni kaina sai da na ja da baya. Gashinsa ya yi sheƙi. Ba zan yi maka ƙarya ba, ya fi jin daɗin duniya a watannin nan uku. Amma duk lokacin da na shafa shi na ji ƙashi, sai in tuna maganar liman. Idona yana ce mini karen nan lafiya yake, hannuna yana ce mini na zalunce shi, ni kuma shekara talatin hannuna nake bi.

Sai wata ranar Alhamis mutanen Kara suka biyo ganin raguna. Barde ya fito yana zagaya su. Ɗaya ya ce, "Malam, lafiya? Ko abubuwa ne suka yi tsanani? Karen nan ya lalace." Wani kuma ya yi ƙasa da murya, amma yadda zan ji, ya ce in mai turka ya fara rage wa kare, a duba ragunansa da kyau. Suna fita na hau keke na nufi mahauta. Likita ban gaya mata ba. Damina ta sauka, aiki ya yi yawa, zagayen ma ya tsaya, na mayar da sarƙa.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi na farko muni, domin na farko ban sani ba ne, wannan kuwa an gaya mini. Kai ma za a faɗa maka. Masu ɗaukar ƙwai za su zo, direbobi za su zo, kowa zai ce karenka ya rame, har da wanda bai taɓa ciyar da ko kyanwa ba. Ka ce musu to, madalla. Kuna da sikeli a gonar, ka riƙa ɗora shi duk sati biyu kana dubawa. Nauyin kwikwiyo ya riƙa hawa sannu a hankali, kada ya yi tsalle. Yana ƙarami abinci sau uku, kaɗan-kaɗan, in ya tasa a koma biyu. Wajen shekara guda yake gama tsayi, sai ya doshi biyu kafin ƙirji ya cika. A tsakanin nan zai yi maka kama da barewa, duk ƙafafu. Kada ka yi gaggawar cike shi, gaɓoɓinsa ba su gama ƙwari ba. Ka yi masa rumfa mai iska, ruwa kada ya yanke, ka riƙa duba kaska a kunne da tsakanin yatsu, allurar haukan kare kada ta wuce lokacinta. Kuma ban da turke. Kare ne mai son mutum, in ka ɗaure shi ka tafi, ko ya lalace ko ya zama mugu.

Yanzu ga abin da nake ta kewayewa.

Bazara ce, yana cikin shekararsa ta uku. Da la'asar na cika masa kasko ya cinye tas, sai ga shanun wasu makiyaya sun kutso ta shinge sun nufi harawar da na tara. Na kwance shi na ce, "Barde, kama!" Allah Ya sani ya yi ƙoƙari. Ya yunƙura ya tashi, ya ruga, duk jikinsa na karkarwa, ya yi haushin nan nasa, shanun suka juya. A hanyar dawowa ya tsaya. Ya buɗe ƙafafu yana haki, yana yunƙurin amai babu abin da ke fita. Ya ɗago ya dube ni. Na kira Likita a waya, tana wani ƙauye can bayan Ɗankaza. Kafin babur ya kawo ta ya ja jiki da kansa ya koma gindin turkensa ya kwanta. Ban ɗaure shi ba, shi ya koma. Ana kiran magariba babu shi.

Na ce, "Likita, ni na kashe shi?"

Ta tsuguna ta duba shi. Sannan ta ce, "Baba, ban sani ba. Mai yiwuwa cikin ne ya murɗe. Mai yiwuwa zuciya ce, irinsu sukan faɗi haka ko ba su da ƙiba. Sai in an buɗe shi."

Na ce kada a buɗe.

Ta ce, "Abin da na sani dai, nauyin bai taimake shi ba."

Ta dubi kaskon, kitse ya daskare a gefensa. Ba ta ce mini ai na gaya maka ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar nake juya maganar nan. Wata rana in ce kwanansa ne ya ƙare. Wata rana in ce hannun nan ne. Ban doke shi ba, ban bar shi a rana ba, ban taɓa cin abinci shi bai ci ba. Ciyarwa fa kawai na yi. Yaya za a ce mutum ya ciyar kuma ya yi laifi? Na tambayi kaina a kan keke, na tambayi kaina a sahun salla, Allah Ya yafe mini, har yau amsar ba ta zauna wuri ɗaya ba.

Da ka dawo hutu, ko akwati ba ka gama ajiyewa ba ka nufi gona. Na ce maka an kai shi Ɗankaza wurin kawunka Isa yana gadin masara. Da ka ce za ka je, na ce kawun naka ya ba wani aro can nesa. Kawunka ya rufa mini asiri shekara da shekaru, har ya riƙa ƙarawa da nasa, wai Barde ya kori ɓarayi bakwai a rana ɗaya. Babarka ta ce in gaya maka gaskiya. Na ce sai ka girma. Ka girma, na ce sai ka gama karatu. Ka gama, na ce ai ka manta. Ashe ba ka manta ba. Barde bai taɓa zuwa Ɗankaza ba, Auta. Yana nan gabas da mangwaron, inda na dasa zogalen nan da kake cewa ya fi sauran kyau. Ka yafe mini. Na yi ne don kada ka yi kuka, sai ga shi ka tashi kana ganin haka lafiyayyen kare yake, har za ka je ka zaɓo wani irinsa da hannunka. In Allah Ya ba ka naka 'ya'yan, abin da ya mutu ka ce musu ya mutu. Su yi kukansu na kwana biyu, ka zauna kusa da su.

Jiya da ka fita na sa babarka ta buɗe mini hotunan da ka tura mata. Na sa tabarau na zauna. Mai tumbin nan, ba zan ɓoye maka ba, har yanzu shi raina yake so, tafin hannuna har ƙaiƙayi yake. Na hagun ya juya baya, ban ga komai a kansa ba. Ta damar macece, siririya, ƙafafu zalla, hoton ma bai fito sosai ba don ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Na dube ta na ji raini. Na ce da a Kara ne ko tayawa ba zan yi ba.

Babarka ta karɓe wayarta ta ce, "To ai ka samu amsa, Malam. Wadda ka raina ita ce."

Saboda haka in ra'ayina kake nema, ka ɗauki macen, in ka ga uwarta ka gamsu, ka duba bakinta da idonta da katinta. Amma kada ka dogara da ni, hoto na gani, kuma ka ji irin idon da nake da shi. Ka nemi likitan da ke duba kajin ya raka ka. Shi kuma mai tumbin, ko da ba kai za ka ɗauka ba, ka gaya wa mai shi ya ba shi maganin tsutsa. Ka tsaya ka ga an ba shi in zai yiwu. Wannan don ni za ka yi.

Bayan Salla in Allah Ya kai mu zan zo in ga inda kake. Ka tare ni a bakin ƙofa ka laluba aljihuna. Ba wasa nake ba. Na san kaina, zan zo da ƙuli-ƙuli ko wani abu a ƙunshe, zan dafa bayanta in ji ƙashi, zan ce maka yarinyar nan ta rame, ƙila har in yi maka faɗa. Ka ce, "To Baba," ka karɓe ƙunshin, ka ajiye mini kujera nesa da kaskonta. Wannan karo ɗaya na yarda ka ƙi bin maganata.

Kai kuma ka riƙa cin abinci. Babarka ta ce ka rame. Ko dokar Likita ta hau kanka, ban tambaya ba, kuma ba zan tambaya ba.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya sauke ka lafiya. Ya tsare ka daga sharrin mutum da na dabba da na abin da ba ka gani. Ya sa albarka a amanar da aka ba ka, Ya haɗa ka da abokan zama nagari. Ka riƙe salla a kan lokacinta, ka riƙa kiran babarka ko ba ka da abin faɗa. Ita ma abar da za ka ɗauko ranar Asabar, Allah Ya ba ta tsawon kwana a hannunka. Amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Sule